Garkuwar Baffa Sabo

Ranar Laraba, saura kwana uku a je neman aurensa, Aƙilu ya hau dutse da mota.

Kada a ɗauki alhakinsa a ce ganganci ne. Damina ce ta tafi ta bar hanyar Ƙofar Kibo duk kwazazzabai, duwatsu sun fito da kai ko'ina, shi kuwa a wannan satin jikinsa ne kawai ke riƙe da sitiyari, hankalinsa yana can Kusfa wajen Sailuba. Sai ji ya yi ƙwaram! Motar ta yi tsalle ta dire, ta ci gaba da tafiya tana jan wani abu a ƙasa yana ƙara, har tumakin da ke kwance a bakin hanya suka watse. Haka ya lallaɓa da ita har ƙofar gida, ya fito ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinta, ya saki salati.

Sai an san matsayin motar nan a wurin Aƙilu za a gane salatin. Fijo ce fara, ya saye ta hannu na biyu wajen wani malamin jami'a a Samaru, a shekarun da kowa ke kukan SAP. Shi akawu ne a sakatariya, ɗan shekara talatin da ɗaya, mai safari ruwan toka da biro uku a aljihu, ko da yake ɗaya ne ke rubutu. Kullum da safe sai ya wanke motar kafin ya wanke kansa. A ganinsa ita ce shaidar da zai nuna wa duniya cewa ya zama wani abu.

Da yamma Walter ya zo a kan babur. Walter ɗan Wusasa ne, abokin Aƙilu tun suna sakandare, yana da garejin gyaran mota a Tudun Wada, kuma irin mutanen nan ne da sai sun gama dariya suke faɗa maka mugun labari. Ya shige ƙarƙashin motar da sifana, aka ji yana ƙyalƙyala dariya daga can, sannan ya fito da wani farantin ƙarfe a yage, a lanƙwashe.

“Injinka lafiya lau,” in ji shi. “Wannan ne ya ɗauki dukan. Shi ke kare tukunyar baƙin mai daga dutse da taɓo. Ya yi aikinsa, Allah ya ji ƙansa.”

“To a mayar da shi mana.”

“A mayar da me? Ka ga inda kusoshin suke ma ya tsage.”

“A sayo wani.”

“A wannan zamanin? Ko Kaduna na aika, sati biyu ne in an yi sa'a. A kan kwalta za ka iya tafiya haka. Amma lungun Kusfa, dutse ɗaya ya ishe ka. Tukunya ta huje, mai ya tsiyaye, inji ya buga, surukai su zo su taya ka turi.”

Aƙilu ya dafe kai. Wani zai ce mene ne abin damuwa, ai daga Ƙofar Kibo zuwa Kusfa ko tsohuwa ta taka da ƙafa. To akwai magana a ƙasa. Gidan su Aƙilu gidan masu haɗa ganga ne tun kaka da kakanni. Mahaifinsa ya rasu Aƙilu yana ɗan shekara huɗu, ƙanin mahaifin, Baffa Sabo, shi ya rene shi, ya sa shi a boko, kuma duk takardar da Aƙilu ya taɓa rubutu a kanta da kuɗin ganga aka saye ta. Sailuba kuwa, malamar firamaren da yake so kamar ransa, 'yar Malam Hayatu ce, gidan da littattafai suka kai rufi. Aƙilu ya zauna ya yi lissafinsa shi kaɗai, ya yanke cewa malami ba zai ba jikan makaɗa 'ya ba, amma zai iya ba akawu mai Fijo. Saboda haka dole motar ta tsaya a ƙofar Malam ranar Asabar tana sheƙi, kuma wanda zai fito daga cikinta ya yi magana ba Baffa Sabo ba ne. Kawunsa ne, Alhaji Tanimu mai hatsi, wan mahaifiyarsa, mutum mai ƙiba da rawani da muryar da ke cika zaure.

Kowa ya san wannan ba daidai ba ne. Neman aure na dangin uba ne, kuma Baffa shi ne uba. Sailuba ma ta gaya masa, ta ce, “Ka kawo Baffa. Malam ba yaro ba ne.” Bai ji ba. Ya je ya tsuguna gaban tsohon yana susar ƙeya, ya ce ya lura ƙafarsa na damunsa kwanan nan, gara ya huta, Kawu zai wakilce shi. Baffa, wanda ƙafarsa ba ta taɓa damunsa ba, ya dube shi ya ce, “To.” Wannan “to” ɗin ta tsaya wa Aƙilu a maƙogwaro sati guda, ko shayi ya sha sai ya ji ta.

Suna nan tsaye a kan farantin da ya yage sai ga Baffa ya fito daga zaure, ɗan siririn tsoho, hannuwansa duk kanta. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da yatsa ya kara a kunne, don shi ba ya sanin abu sai ya ji muryarsa.

“Walta, aikin me wannan ke yi?”

“Garkuwa ce, Baba. Dutse in ya taso, ita yake samu.”

“Garkuwa?” Baffa ya taɓe baki. “Yaushe aka fara garkuwa da gwangwani? Garkuwa da ƙirgi ake yin ta. Ƙirgin da ya tare mashi ne zai kasa tare tsakuwa? Ku bar mini.”

Aƙilu ya buɗe baki zai ce a'a. Amma wanda ka hana shi babban abu, da wane ido za ka hana shi ƙarami? Sai ya mayar da bakin ya rufe. Walter kuwa tuni idanunsa suka fara ƙyalli. Ya ce shi dai a matsayinsa na bakanike bai ga laifin abin ba: fata ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, kuma ba sai an aika Kaduna ba.

Ranar Alhamis aka yi aikin. Baffa ya sauko da wani ƙirgin bijimi da ya daɗe yana ajiyarsa, ya jiƙa shi tun daren Laraba har ya yi laushi. Walter ya yanko baki daga jikin tsohon durom, faɗinsa kamar yatsu huɗu, ya danne shi ya yi ɗan tsawo daidai ƙarƙashin injin motar, ya yi masa walda da kunnuwa huɗu inda kusoshi za su shiga. Daga nan aiki ya koma hannun mai shi. Baffa ya shimfiɗa fata ya yanka fuska ɗaya, ya tsaya ya dube ta, ya ce fata ɗaya ba ta tsare dutse, ya yanka ta biyu. Ya rufe bakin ƙarfen sama da ƙasa, ya huda gefe da basilla, ya shiga zura tsirkiya yana ja, yana taka ƙarfen da ƙafa, yana ja. Shekara hamsin yana wannan jan. Bakinsa yana hira da Walter a kan tsadar gero, hannuwansa suna can suna abin da suka saba, ba su nemi shawarar kowa ba.

A gidansu akwai al'ada. Ba a rufe ganga sai an jefa 'yan tsakuwa bakwai a cikinta, su ne ke ba ta amo, su sa ta yi zaƙi. Kafin ya ja tsirkiyar ƙarshe, hannun hagun Baffa ya kai ƙasa da kansa, ya tsinto tsakuwa bakwai, ya zura. Shi bai san ya yi ba, Walter yana kunna taba bai gani ba, Aƙilu yana ofis.

Aka ɗaura abin da ɗanyensa. Walter ya ƙulle kusoshi, ya buga da tafin hannu, aka ji ɗif, babu wani amo. Aƙilu ya dawo ya leƙa, ya ga abu ya zauna ɗas kamar da shi aka ƙera motar, daga waje kuma ba a ganin komai. Ya yi ajiyar zuciya, ya yi wa Baffa godiya ba tare da ya iya kallon idonsa ba. Ranar Juma'a motar ta wuni a ƙofar gida ba ta je ko'ina ba, don kada ta yi ƙura, rana tana dukan ƙasa, ƙasa tana busar da fata.

Asabar da hantsi aka shirya. Alhaji Tanimu ya iso cikin babbar riga fara mai aiki, ya cika rabin kujerar baya. Ragowar rabin aka ba wani dattijo abokinsa mai nauyin kunne, wanda aka ɗauko don ya cika ido ya kuma riƙa cewa amin. Ƙwaryar goro da ledar alewa suna kan cinyarsa. Walter ya shiga gaba a matsayin abokin ango, don ango ba ya shiga wurin magana, a mota zai jira, kuma yana bukatar wanda zai riƙe masa zuciya. Baffa bai fito ba. Aƙilu ya yi sallama daga bakin zaure, aka amsa masa daga ciki da “Allah ya ba da sa'a.”

Da ya tayar da mota ya ji wani ɗan gunaguni a ƙasa, dum-dum, can ciki. Walter ya ce fata ce ke neman wurin zama. Suka kama hanya.

Abin da Walter bai sani ba, duk da takardar shaidarsa ta kanikanci, kowane makaɗi ya sani: ganga in ta yi sanyi, wuta ake kara mata ta ɗame. To ga fata an ɗaura ta ƙarƙashin inji. Kafin su yi nisa zafi ya fara sauka. Gunagunin ya zama gudun-gudun. Tsakuwa bakwai suka farka suka shiga rawa da kaɗawar inji, duwatsun hanya kuma suna tasowa suna ba da nasu daga ƙasa. Gudun-gudun ya zama gangan-gan, gangan-gan, tas, da amo, da zaƙi, irin wanda ke shiga ƙirji kafin ya shiga kunne.

“Biki ake yi a unguwar nan?” in ji Alhaji Tanimu yana leƙen taga.

Aƙilu ya rage wuta. Kiɗan ya sassauta. Ya taka. Kiɗan ya ɗau zafi. Ya juya ya dubi Walter, sai ya tarar Walter ya cusa hularsa a baki, kafaɗunsa suna rawa, hawaye na zuba.

“Kai Aƙilu,” in ji Alhaji, “kiɗan nan fa bin mu yake yi.”

“Kawu... a ƙarƙashinmu yake.”

Dattijon nan mai nauyin kunne bai ji komai ba, amma kujera tana gaya masa. Ya lumshe ido yana gyaɗa kai, goro yana tsalle a ƙwarya, ya ce rabonsa da jin daɗin mota irin wannan tun zamanin En'e.

Da suka kusa kasuwa abin ya fi ƙarfin kowa. A birni in aka ji kiɗa da hantsi kusa da mahauta, an san an yanka babban sa ne. Mahauta suka miƙe da wuƙaƙe a hannu suna tambayar juna wa ya yi yanka bai gaya musu ba. Daga gidaje aka fara turo kwanuka a sayo nama tun bai ƙare ba. Wata tsohuwa mai daddawa ta aje faifai ta rangaɗa guɗa, ba ta san ta wa ba, ta dai ga kada a yi babu ita. Yara kuwa ba a gayyatar su. Kafin ka ce kwabo sun yi dafifi a bayan mota suna tsalle, masu keke sun biyo, wani mai rake ya bar rakensa. Hanya ta cushe, dole Aƙilu ya rage gudu, rage gudun kuma ya ba kiɗan wani taku mai nauyi na ƙasaita, har wani ɗan kasuwa ya cire hula ya rusuna.

“Ku kwantar da hankalinku,” in ji Alhaji yana share gumi da bakin rawani. “Ai an ce in ganga ta cika zaƙi fashewa za ta yi.”

Walter ya zare hula daga baki. “Ba wadda Baba Sabo ya ɗaura ba, Alhaji.”

A nan ne Allah ya kawo Na'iya maroƙi, wanda ke zaune a rumfar mai shayi tun safe babu ko sisi. Ya kasa kunne, ya miƙe tsaye, ya ce wannan amon ko a kabari ya ji shi ya san hannun wane ne. Ya kutsa cikin taro, ya leƙa taga, ya ga direba. Sai ya ɗaga hannu sama ya buɗe maƙogwaro.

“Aƙilu na Sabo! Ɗan gidan fata, ɗan gidan tsirkiya! Wasu sun gaji gona, kai ka gaji amo! Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe! Jama'a ku zo ku ga ɗan halak, ya yi boko ya sayi mota, bai yar da gado ba, ya sa mata ganga!”

Shekara goma Aƙilu yana gina akawu, Na'iya ya rushe shi da numfashi ɗaya, kuma yana jiran tukwici.

A bakin lungun Kusfa Aƙilu ya kashe mota. Shiru ya sauka, taro ya yi “aaa” na takaici. Ya juyo, fuskarsa kamar zai yi kuka, ya ce don Allah don Annabi a tura. In inji bai tashi ba kiɗa ba zai tashi ba, gidan Malam kuma ba nisa. Walter ya fita yana tangaɗi don dariya, ya ce a bar makulli a kunne kada sitiyari ya kulle, a sa giya ta biyu a danne kuloci, kamar yadda bakinsa ya saba faɗa duk lokacin da ake turin mota a gareji. Alhaji Tanimu ya ce shi tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa tura mota da babbar riga ba. Sannan ya tuna da 'yar'uwarsa marigayiya, uwar Aƙilu, ya naɗe hannuwan riga a kafaɗa ya fita. Dattijon ya zauna abinsa da goro, yana tambaya me ya sa aka kashe daɗin.

Aka tura. Yara suka taya, Na'iya yana biye yana wasa Alhaji da kirarin masu ƙarfi. Tsakuwa bakwai suna ɗan gara-gara a hankali, abin da za a iya jurewa. Lungun ya yi kwana, ya gangara, motar ta fara tafiya da kanta, ta bar masu turi a baya. Ga gidan Malam Hayatu nan a gaba, zaure a buɗe, manyan ɗalibai masu gemu sun zauna a kan buzaye da littattafai, Malam yana tsakiya yana ba da karatu. Aƙilu ya hango farin gemun surukin da yake nema, sai ƙafarsa ta hagu ta kama rawa. Ya roƙe ta. Ta ƙi. Ta zame daga kan kuloci.

Fijo ta yi tari ɗaya ta tashi. Fatar nan da ta sha zafi ta ɗame iya ɗamewa ta saki wani kiɗa da ba a taɓa jin irinsa a Kusfa ba, daidai ƙofar zauren Malam. Tattabarun gidan suka tashi gaba ɗaya. Daga cikin gida wata ta fara guɗa, aka ji an toshe mata baki.

Aƙilu ya murɗe makulli. Tsakuwa ta ƙarshe ta gara, ta gara, ta tsaya. Ya kifa goshi a kan sitiyari, yana fatan ƙasa ta tsage. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, amma shi bai taɓa jin wanda aka yi wa wankan a tsakiyar kasuwa da maroƙi ba. A ransa ya riga ya yi ban kwana da Sailuba, har ya fara tunanin neman canjin wurin aiki zuwa Birnin Gwari.

Malam Hayatu ya rufe littafi, ya sa takalmi ya fito. Gajeren tsoho ne mai tabarau. Alhaji Tanimu ya iso yana haki, rawani ya karkace, ya fara jero gaisuwa da muryar da ta rage masa. Malam ya amsa a natse. Sannan ya zagaya motar, ya leƙa gaba, ya leƙa baya, ya gaisa da dattijo mai goro.

“Ina Sabo?” ya tambaya.

“Allah ya gafarta Malam, ƙafa ce ta ɗan matsa masa,” in ji Alhaji.

“Ƙafa? Jiya a masallacin Juma'a ya riga ni fita, ban iya cim masa ba.” Ya ƙwanƙwasa gilashin direba. “Kai, fito. Na san ba a ganin ango a irin wannan rana, amma kai ka riga ka sa duk birni ya gan ka.”

Aƙilu ya fito ya zube a ƙasa, safari da biro uku da komai.

“Ni da Sabo a zauren nan muka yi karatun allo wajen mahaifina,” in ji Malam. “Ya fi ni hadda, gado ne ya ja shi. Ranar da aka binne ubanka ina wurin, na ga lokacin da ya ɗauke ka ya saɓa a kafaɗa. Kana tsammani akwai mai ɓuya a cikin ganuwar nan? Yau da asuba na ce wa uwar Sailuba, in suka zo da Sabo, na bayar. In suka zo babu shi, zan ba su ruwa su sha, in ce su je za mu yi shawara, irin shawarar da ba ta ƙarewa. Wanda ya ji kunyar mutumin da ya rene shi, ban san ranar da zai ji kunyar 'yata ba.”

Har Na'iya ya sunkuyar da kai.

“To ga shi kun zo babu shi, amma aikin hannunsa ya yi mini sallama tun daga kasuwa. Wannan mas'ala ban taɓa cin karo da ita a littafi ba.” Gemun Malam ya ɗan motsa, ya yi sauri ya shafa shi. “Tashi ka je ka ɗauko ubanka. Goron nan ba mai taɓa shi sai ya zo. Alhaji, ku shigo ku sha ruwa, na ga kun yi aiki. Kai kuma ka ɗauke mini abin nan daga ƙofar gida, tun ɗazu nake ganin ɗalibaina suna gyaɗa kai.”

Komawar ba ta ɗauki lokaci ba, don yanzu babu abin ɓoyewa, Aƙilu ya taka mota iya takawa, Walter yana buga jikin ƙofa da tafin hannu yana ba ta amshi. Sai dai labari ya riga su. A birni labari ba ya jiran mota.

Suna tsayawa suka ga Baffa Sabo a bakin zaure, wuƙar yankan fata a hannunsa, yana kokawar tuɓe riga ta kai. Ya fito da kansa daga wuyan rigar, fuskarsa duk ta yamutse.

“Tun daga nan nake jin ta,” in ji shi. “Tsakuwa ce. Wallahi Aƙilu ban san na zuba ba, hannu ne. Na ɓata maka, ko? Matsa in shiga in yanke ta. Ka koma ka ce musu aikin wani ne can, ka ce ba ka san shi ba. Ni ba zan ji haushi ba.”

Aƙilu bai ji rabin maganar ba. Rigar yake kallo. Babbar riga ce ta saƙi, shuɗiya, wadda ke ƙasan akwati, wadda Baffa bai sa ba tun ranar da aka ba Aƙilu takardar gama sakandare. An kai ta bugu, tana ƙyalli, tana ƙamshin kafur. A kan dakali ga hula sabuwar wanki, ga takalmin fata an goge an jera.

“Baffa, ina za ka da wannan rigar?”

Tsohon ya dubi rigar a hannunsa kamar yanzu ya fara ganin ta. “Babu ko'ina. Ta daɗe a akwati ne, na ce bari in sa ta ta sha iska.”

Tun safe ke nan yana zaune a cikin zaure da ita a jikinsa, ko da za a canza shawara.

Aƙilu ya durƙusa a cikin ƙurar ƙofar gidansu ya riƙe ƙafar da ya yi wa ƙaryar ciwo, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Walter ya juya baya yana duba tayar da babu abin da ya same ta. Da ƙyar Aƙilu ya iya cewa Malam ya ce ba mai taɓa goro sai uban ango ya zo. Ya zare wuƙar daga hannun Baffa ya aje a dakali, ya ɗauki rigar ya sa masa da hannunsa, ya gyara masa kafaɗu.

Walter ya koma baya, aka ba Baffa gaba. Mota ta tashi, ganga ta amsa. Tsohon ya karkata kai yana saurare har suka wuce kwazazzabon da ya jawo duk wannan, sannan ya goge ido da bakin hannun riga.

“Gefen hagu ya ɗan saki,” in ji shi. “In mun dawo zan ja shi. Taka ta sosai, ɗana, kada mu bar Hayatu yana jira.”